Ciwon Gawut: Sanyin Ƙashin da Ba Sanyi ke Kawo Shi Ba



A Birnin Zariya, tun daga Kwarbai har Ƙofar Gayan, in gaɓa ta kumbura akan ce sanyin ƙashi ne. Sunan ɗaya ne, amma cututtukan da ya lulluɓe suna da yawa, kuma akwai guda wadda ba sanyi ne tushenta ba. Ita ce likitoci ke kira gawut.

Magidanci zai kwanta lafiya lau, can cikin dare sai babban yatsan ƙafarsa ya tashe shi, ya kumbura suntum, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Bayan mako guda ko biyu sai ciwon ya lafa. To, a nan ruɗin yake. Duk abin da aka yi a tsakani, ƙaho ne ko tsaga ko jiƙo, shi za a yaba wa, alhali kuwa ciwon da kansa yake lafawa, kuma zai komo.

Tushensa wani datti ne da jiki ke samarwa, watau yurik asid, wanda ƙoda ke fitarwa cikin fitsari. In ya zarce kimanin miligiram 6.8 a kowane mililita 100 na jini, sai ya fara kwantawa a gaɓɓai kamar yadda katsi ke kwantawa a ramin marina, ya daskare ya zama tsakuwa mai tsini irin na allura. Wani likitan Ingila, Alfred Garrod, shi ya gano yawansa a jinin masu ciwon cikin 1848. Cikin 1961 McCarty da Hollander a Amurka suka nuna alluran a ruwan gaɓa. Shekara guda bayan haka aka bayyana wata tsakuwar dabam, ta kalsiyam, wadda ta fi kama gwiwar tsofaffi. Ita wannan har yanzu ba maganin da ke narkar da ita, sai dai a kwantar da kumburin.

Akan ɗora laifin duka a kan nama. Lalle hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, musamman a Babbar Salla, da giya, da lemon kwalba, da ƙarancin shan ruwa a bazara, duk suna tayar da ciwon. Amma mafi yawan masu gawut gadon ƙoda mai jinkirin fitar da dattin suka yi. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da firazinamid na tarin fuka, su ma suna ƙara shi.

Saboda haka magani kashi biyu ne. Na farko kashe wutar kumburi, da kolcisin ko makamancinsa. Na biyu, wanda aka fi sakaci da shi, rage yurik asid ya koma ƙasa da miligiram 6 da alofurinol, maganin da ya shiga hannun likitoci cikin 1966. Kullum ake shansa, galibi har iyakar rai, da haka tsakuwar ke narkewa sannu a hankali. Ma'aikacin da ya dogara ga ƙwayar kashe zafi ta kemis shekara da shekaru, gaɓarsa na lalacewa, ƙodarsa kuma na cikin hatsari.

Awon jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne matakin farko. Da kaɗan likita ke fara ba da alofurinol, yana ƙarawa gwargwadon awo. Wanda ƙuraje suka feso masa bayan ya fara sha, ya dakata nan take ya koma asibiti.