Jawabi Ga Masu Keke Napep Na Mile 12 Kan Sayen Sabuwar Taya

Wannan jawabi ya shafi direbobi da masu keke mai ƙafa uku da ke aiki a kewayen kasuwar Mile 12, watau abin hawan da mutanen Ikko ke kira Keke Marwa tun zamanin Kanar Buba Marwa, wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Sunan Keke Napep ya biyo baya ne, bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da talauci a 2001.

Kowa ya san irin aikin da keke ke yi a wannan kasuwa. Da asuba manyan motoci na sauke tumatir da attaruhu da albasa daga Arewa, sa'an nan a ɗora wa keke kwanduna da buhuna, ga mai kaya a zaune, a nufi Ketu ko Owode. Mota tana da ƙafa huɗu. Keke kuwa ƙafa ɗaya tak gare shi a gaba, ita ce ke riƙe da akalarsa. Idan ta fashe cikin gudu, sai dai a yi fatan Allah ya kiyaye.

Saboda haka lalle ne mai saye ya karanta rubutun da ke gefen taya kafin ya tambayi kuɗinta. Yawancin kekunan Bajaj da TVS suna amfani da lamba 4.00-8, ma'ana faɗin taya inci 4, wili kuma inci 8. Tsayinta duka bai wuce kimanin inci 16 ba, don haka takan juya kusan sau ɗaya da rabi kafin tayar ƙaramar mota ta juya sau ɗaya. Wannan ne ya sa take saurin ɗaukar zafi da saurin suɗewa. Kusa da lambar akan ga 4PR ko 6PR, wato ƙarfin jikin tayar. Mai ɗaukar lodin kasuwa ya nemi 6PR, ko da ta fi tsada.

Abin da aka fi sakaci da shi kuwa shi ne shekarun taya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta daɗe a jibge cikin rana. Tun daga shekarar 2000 masana'antu ke buga lambobi huɗu a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin a guji tayar da ta haura shekara huɗu. Mai sayarwa da ya hana a duba wannan wuri, ko aka tarar an kankare shi, ya riga ya ba da amsa.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Ikeja a 2008, yawancin tayoyi daga ƙetare suke zuwa, masu kyau da marasa kyau. Doka ta hana shigo da tsofaffi, amma ba a rasa su a kasuwa. Akwai ma masu sa wuƙa su sake sassaƙa zane a kan suɗaɗɗiyar taya, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. A lanƙwasa gefenta da hannu. In tsaga ta bayyana, a ajiye ta.

Tayoyin baya biyu a sauya su tare, iri ɗaya, kamfani ɗaya, domin in ɗaya ta fi ɗaya tsayi keke zai riƙa karkata, musamman in an taka birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da damina. Wanda kuɗinsa bai kai na uku ba, kada ya bar mafi rauni a gaba. Sabuwar taya kuma da sabon tif take tafiya. A sa mai faci ya auna iska da ma'auni da safe, kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da kamfanin keken ya rubuta.