Kwatangwalon ƙarfe ma yana so a kula da shi

Jama'a masu saurare, musamman ƴan ajin yaƙi da jahilci na Kalfu da sauran garuruwan Adar.

Yau maganarmu a kan kwatangwalo take. A nan ne kan ƙashin cinya yake juyawa cikin wani ƙoƙo, kamar taɓarya cikin turmi. In ya karye ko ya cinye, saboda tsufa, ko haɗarin mota, ko ciwon sikila, likita yakan cire shi, ya sa na ƙarfe da ƙoƙon roba. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan aiki a 1962. Ƙoƙunan da ya gwada kafin nan, cikin ƴan shekaru suka cinye, sai da aka sake yi wa mutane aiki.

Na yanzu sun fi ƙarko. Fiye da rabinsu suna kai shekara 25. Amma roba tana cinyewa sannu a hankali, ƙarfe kuma yakan yi sako-sako cikin ƙashi. Alamar ita ce ciwo a matsematsi ko a cinya in mutum ya taka, bayan ya daɗe lafiya lau.

Abin da ya fi saurin faruwa shi ne gocewa, wato taɓarya ta fita daga turmi. An fi jin tsoron wannan a wata ukun farko. To, mu ga irin zamanmu: kan tabarma, da tanƙwashe ƙafa, da tsuguno a salga. Duk waɗannan suna iya gocar da shi. A samo wa mai jinya kujera mai tsawo da gado mai tsawo. Salla ma ya yi ta a zaune, addini ya yarda. Hawan jaki da babur kuwa, sai likita ya ba da izini.

In ciwo ya taso farat ɗaya, ƙafa ta gajarce ko ta karkace, kada a kira maɗori. Maɗori ya san ƙashi, amma bai ga abin da aka sa a ciki ba. Jan ƙafar yana iya fasa ƙashin cinya. A kwantar da shi cikin mota, a kai shi babban asibitin Tawa, a ɗauki hoton ƙashi, wanda ake cewa radiyo. Ba wannan rediyon da kuke saurare ba fa! Haka ma in zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki ya kawo ruwa.

Takardun aikin kuma a adana su cikin leda, ko a Yamai aka yi, ko a ƙasar waje. Sunan ƙarfen yana ciki, kuma likita zai nema. Yanzu da kuka iya karatu, ku duba da kanku ranar da aka ce ku koma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.