RUMFAR MAƘWABCI DA HANYAR RUWA
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Gadaka

 

Abin da ya tara mu yau maganar rumfa ce. Wani ya kafa rumfar langa-langa a gefen gidansa don ajiye taki da kayan lambu, ƙafarta ta hau kwata, ruwa ya koma zauren maƙwabcinsa. Maƙwabci ya kai ƙara, ma'aikata suka shafa wa rumfar jan fenti. Tun ranar ake ta ƙorafi, wai an bar rumfunan wasu an taɓa ta wani. Mutum biyu da ke sahu ɗaya a masallaci sun daina gaisawa.

To jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sayen fili bai sa hanya ta zama tamu ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu. A 1992 aka kafa dokar tsara birane, wadda ta ce a nemi izini kafin gini, a kuma ba mutum sanarwa kafin rushewa. A 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Saboda haka in an shafa maka fenti, kada ka yi faɗa, kada kuma ka miƙa na goro. Ka nemi a ba ka takarda, ka kawo wa ƙungiya a bi ta hanyar da ta dace.

Amma tun kafin dokar gwamnati, ai mun karanta a Risala cewa ba a buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ba a haƙa abin da zai cutar da shi, ko da a cikin filinka ne. Ina ga toshe masa hanyar ruwa? Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jihar Yobe ya san ruwa ba ya tambayar gidan wa ya fara laifi.

Sannan mu tuna, iyayenmu fatauci ya kawo su garin nan, 'yan'uwanmu Ngamawa suka karɓe su. Zaman da muke yi ƙarƙashin Mai Gudi zaman mutunci ne. In kullum mu ne a ofis muna ƙarar juna kan taku biyu na ƙasa, wa zai saurare mu ranar da babbar magana ta taso?

Shawararmu uku ce. Kafin ka kafa dirka, kira maƙwabcinka ya gani. Bar wa kwata da kura hanya. In an saɓa, a fara da dattawan ƙungiya, sannan mai unguwa, kafin a je ofis.

Su kuma 'yan'uwanmu biyu, muna roƙon dattawa su zauna da su kafin Juma'a. A matsar da dirka, a janye ƙara. Allah Ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.