Muryar Mata, Ribar Kamfani: Darasin Ƙungiyoyin Mawaƙa Mata



Wannan takarda ba za ta tsaya kan muhawarar halacci ko haramcin waƙa ba, an sha yin ta a zauren taro irin wannan. Maganarta kuɗi ce: idan 'yan mata suka haɗu suka rera waƙa har duniya ta ɗauka, aljihun wa ke cika?

A fara da Amurka, inda takardun kotu suka tona komai. Ƙungiyar TLC ta 'yan mata uku daga Atlanta, wato Tionne Watkins da Lisa Lopes da Rozonda Thomas, ta fitar da kundin CrazySexyCool a Nuwamban 1994. An sayar da kwafi sama da miliyan 10 a Amurka kaɗai. A Yulin 1995, ana tsakiyar wannan ciniki, sai ga su a kotu suna shelar karyewar arziki, da bashin dala miliyan 3.5 a wuyansu. Ta yaya? Kasonsu a kowane faifai santi 56 ne, wato rabin dala da ɗan ɗori, kuma su uku za su raba. A cikin wannan kason ne kamfani ke zare kuɗin situdiyo da na ɗaukar bidiyo, sannan lauya da manaja da masu haraji su yagi nasu. Duk ɗawainiyar da aka yi musu ashe bashi ce ake rubutawa. Sun karɓi kambun Grammy biyu a 1996, suka shaida wa 'yan jarida a wurin cewa ba su da ko sisi.

Kuma ba a kansu aka fara ba. The Supremes ta kamfanin Motown da ke Detroit ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard har sau 12 tsakanin 1964 da 1969. Florence Ballard, wadda da ita aka kafa ƙungiyar, an fitar da ita a 1967, ta kai ga dogaro da tallafin gwamnati na marasa galihu, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. The Ronettes kuwa sun maka furodusansu Phil Spector a kotu a 1988, suna cewa abin da ya taɓa shiga hannunsu bai kai dala dubu 15 ba. A 2000 alƙali ya ba su dala miliyan 2.6, a 2002 babbar kotun jihar New York ta rushe wani ɓangare na hukuncin, domin sun sa hannu a takardar da ta mallaka masa faifan tun suna 'yan mata. Shekara 14 ana shari'a a kan waƙar da kowa ya san muryar wa ce!

Koriya ta Kudu ta ɗan motsa. A 2009 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta ƙayyade kwantiragin mawaƙa kada ya wuce shekara 7, bayan an ga masu shekara 13. Duk da haka a Nuwamban 2024, bayan Hanni ta ƙungiyar NewJeans ta kai kuka gaban majalisar dokoki, ma'aikatar ƙwadago ta ce a idon doka ita ba ma'aikaciya ba ce.

Me ya haɗa wannan da ƙasar Hausa? Waƙar mata a ƙungiya daɗaɗɗiya ce a nan. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da 'yan amshinta da masu kiɗan ƙwarya ta yi suna, amma mutum nawa ne a zauren nan zai iya kawo sunan ɗaya daga cikinsu? A Kannywood ma, muryar da jaruma ke motsa baki a kanta ta wata ce, wadda galibi ake sallamarta a situdiyo ranar da ta rera, shi ke nan. Waƙar ta zaga wayoyi ta hannun masu turi, ta hau YouTube a tashar wani, mai muryar na gefe. 'Yan TLC ko ba komai suna da takardar da za su kai kotu. Tamu 'yar amshin ko wannan ba ta da ita.

Doka kuwa akwai ta. An sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya a 2023, kuma ta tanadi haƙƙin mai rerawa daban da na marubucin waƙa. To ina Hukumar Haƙƙin Mallaka take? Wace mawaƙiya ce aka karanta wa dokar da Hausa? Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda ke nan tun 2001, ta iya rajistar mawaƙa da dakatar da su, amma kare guminsu ne ya gagara?

Abin da takardar ke nema ba ya cin kasafi: kada a ba fim ko kundin waƙa shaidar tacewa sai an haɗa da yarjejeniya rubutacciya da Hausa, mai ɗauke da sunan kowace mai murya, da kasonta, da shekarar da yarjejeniyar za ta ƙare.