Rajistar Gidaje Ba Ta Haraji Ba Ce: Jawabin Duba-gari a Samaru



Ba zan ɓata muku lokaci da cewa shara na kawo sauro da amai da gudawa ba. Wanda ya ga abin da kwalara ta yi a ƙasar nan a daminar 2021 ba ya buƙatar duba-gari ya tuna masa. Abin da ya taso ni shi ne yaran da muka tura rubuta gidaje don aikin kwashe shara sun dawo da takardunsu rabi fanko. A Hayin Dogo wasu sun rufe musu ƙofa. Nan bayan kasuwa wata baiwar Allah ta leƙo ta zaure ta ce maigida ya hana, wai duk gidan da ya ba da suna, wata mai kamawa za a kawo masa takardar haraji.

Jama'a, wa ya faɗa? Kowa na tambaya sai ya ce a majalisa ya ji, ko a WhatsApp aka turo masa.

To ku ji daga bakina, a gaban Dagaci. Tun dokar haraji ta 2016, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, ita ke da hurumin karɓar haraji a Kaduna, kuma an hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Ni ba ni da rasit. Yaran nan biro kawai suke riƙe da shi. Duk wanda ya zo da sunan aikin nan ya nemi ko naira goma, ku riƙe shi ku kai wa mai unguwa.

Me ya sa ake rubuta gidajen? Ƙaramar hukumar Sabon Gari mazaɓu 11 gare ta, kowace kuma tana kai buƙatunta kafin a haɗa kasafin kuɗi. Basawa na son kwalbati, Muciya na son magudanar ruwa, Dogarawa na son aji. Idan kansilanku ya tashi ya ce Samaru na son filin tara shara da kekunan kwasa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, gida nawa? Buhun shara nawa suke fitarwa a mako? In ya yi shiru an wuce shi, sai baɗi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko kuɗin ya zo da yawa ko kaɗan, unguwar da ba ta cikin takarda ba ta cikin rabo.

Wani dattijo a Palladan, da na je zagaye, ya kalle ni ya ce, "Yaro, tun da nake, hukuma ba ta taɓa rubuta sunana don ta ba ni ba." Na yi shiru, don na san daga ina maganar ta fito. Amma Baba, in an ƙi rubutun, wa ya yi hasara? Bolar da ta toshe kwata a ƙofar gidanka za ta kai Agusta tana nan. Ruwan da ya wanke bolar Samaru kuma Kubanni yake gangarawa, dam ɗin da jami'ar Ahmadu Bello ke sha, rafin da masu lambu ke ba latas da kabeji ruwa, su kawo mana kasuwa mu saya.

Akwai masu cewa to ai sharar ce za a sayar, wasu su ci kuɗin. E, shara tana da kuɗi, kuma kakanninmu sun riga mu sani. Da jaki da mangala ake ɗibar juji daga gari a kai gona. Me ya sa manomi yanzu yake ja da baya, ga takin zamani ya yi tsada haka? Wani manomi a Bomo ya ja ni gonarsa inda aka sauke masa juji tifa guda. Ya sa fartanya ya tono: ledar fiya-wata, kunzugun jarirai, mataccen batir, fasasshiyar kwalba. Kwalbar ce ta yanke ɗansa a tafin ƙafa. Ya ce ko kyauta ba ya ƙari. Ku tambayi mahauta kuma abin da suke fitarwa daga tumbin saniya, dunƙulen leda sai ka rantse igiya ce.

Shi ya sa muke cewa a raba tun daga tsakar gida. Toka, ɓawon doya, ragowar tuwo, kashin kaji da na awaki, wannan taki ne, mai lambu zai biya. Roba, gwangwani da ƙarfe, ɗan gwangwan zai auna ya biya, kuma a hannun matar gida kuɗin zai faɗa, ba a sakatariya ba. Ina harajin a nan? Don Allah ku nuna mini shi. Ba a kuma zo korar 'yan jari bola ba, su ma muna rubuta su ne don a san na gari a raba su da masu cire murfin kwalbati.

Sauran bayanin a gurguje, magariba ta gabato. Buhu biyu a kowane gida, ɗaya na taki, ɗaya na roba da gwangwani. Mai fili ya haƙa rami, ya jera busasshe da ɗanye, ya yayyafa ruwa, ya riƙa juyawa, cikin wata biyu zuwa uku takin ya nuna. Batir da allura da kwalba a ware su daban. A daina ƙona leda a layi, akwai masu asma.

Iyayenmu mata, ku ne da tsintsiya, ku taimaka ku yi wa mazajenku bayani. Ranar Asabar yaran za su sake zagayowa, wannan karon tare da mai unguwa. Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya karɓi takardar ya ba ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa layi-layi kafin ya ba da suna. Amma don girman Allah a buɗe musu ƙofa.