Karayar ƙugu da dawowar Remco Evenepoel

Remco Evenepoel, ɗan tseren keke na ƙasar Beljiyam, yana da shekara 20 lokacin da ya yi hatsari a gasar Il Lombardia ta Italiya, a watan Agustan 2020. Yana gangarowa daga tsauni ya bugi katangar wata gada, ya faɗa kwazazzabo. Ƙashin ƙugunsa ya karye, huhunsa ya bugu.

Ƙugu ne ke ɗauke da nauyin mai keke a kan sirdi, daga nan kuma ƙafafu ke samun ƙarfin taka feda, don haka irin wannan karaya sai da haƙuri. Ya koma atisaye da wuri, ciwo ya dawo, ƙungiyarsa ta Deceuninck–Quick-Step ta sake dakatar da shi na makonni. Duk da haka aka saka shi gasar Giro ta 2021, tseren mako uku, alhali bai shiga ko gasa ɗaya ba tun hatsarin. Wannan gaggawa ce. Ya sha wuya a hanyoyin tsakuwa, ya sake faɗuwa, ya janye kafin ƙarshe.

A 2022 aka canza tsari. Aka ware masa gasar Vuelta ta Sifaniya, aka kai shi atisaye kan tsaunuka, aka haɗa shi da abokan tsere masu tare masa iska da kawo masa ruwa. Ya lashe gasar, ɗan Beljiyam na farko da ya ci ɗaya daga cikin manyan gasa uku na duniya tun 1978. Bayan mako biyu ya zama zakaran duniya a Ostareliya.