FILIN AMSA WASIƘUNKU: BODARI DA KAJIN GIDA

 A wannan mako wasiƙu uku muka samu a kan magana guda, biyu daga ƙasar Boɗinga, ɗaya daga ƙasar Shagari, saboda haka za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasiƙa ta farko daga wata baiwar Allah ce a Sifawa. Ta ce wani abu na shigar mata akurki da dare yana shanye ƙwai yana kashe 'yan tsaki, da safe kuma sai wani irin wari ya cika gidan har ba a iya karin kumallo a tsakar gida. Tana tambaya, mene ne wannan, kuma yaya za ta yi da shi?

To Malama, Allah ya mayar miki da alheri. Mun san kaza ita ce asusun mace a karkara, da ita ake sayen sabulu da magani da littafin yaro. Bisa ga wannan wari da kika faɗa, ɓarawon naki bodari ne. Wata 'yar dabba ce baƙa mai ratsin fari guda huɗu a gadon baya, ga wutsiya buzu-buzu, jikinta bai wuce tsawon kamu guda ba, nauyinta kuwa wajen kilo 1 ne. Da dare yake yawo, da rana yana kwance a ramin da wata dabba ta bari, ko cikin duwatsu, ko ƙarƙashin rumbu. Abin da muke kira tusar bodari kuwa wani ruwa ne da yake fesowa daga wasu 'yan jakunkuna biyu a gindin wutsiyarsa idan ya ji tsoro.

Amma jama'a, kafin a ɗora wa bodari laifi a tabbata shi ne, domin ɓarayin kaji suna da yawa. Da magariba a barbaɗa toka mai laushi a kewaye da akurki, da safe a duba sawu. Sawun muzuru zagayayye ne, yatsu huɗu, ba alamar farce. Na bodari yatsu biyar ne, kuma faratan ƙafar gaba dogaye suna fitowa sarai. Maciji layi kawai yake bari. Inyawara gwanar hawa ce, ta sama take shigowa. Tunku shi ma yana cin ƙwai da kaji. Shirwa da shaho kuwa da rana tsaka suke sure 'yan tsaki, maganinsu a kife kaza da 'ya'yanta da babban kwando a inuwa har su yi wayo. Idan kuma kaji na mutuwa ba rauni ba jini, musamman da hunturu, to wannan cuta ce, sai a nemi malamin dabbobi a yi rigakafi.

Yanzu ga abin yi, Malama. Yawancin akurkinmu na laka ne, kuma ƙofarsa da tsohon faifai ko fasasshen kwano ake jingine ta. Wannan ba rufi ba ne, bodari da hanci zai ture shi. A sami katako ko guntun kwanon rufi wanda ya rufe bakin ruf, a tokare shi da dutse mai nauyi, kuma a rufe tun da magariba, kada a bari sai bayan lisha. A duba jikin akurkin, duk ramin da yatsu biyu za su shiga a liƙe shi da laka. Kafar shan iska a yi ta daga sama, a sa mata ragar waya mai ƙananan idanu, wadda kan ɗan yatsa ba ya wucewa. Da yake bodari mahaƙi ne, a haƙa ƙasa zurfin ƙafa 1 a kewaye da gindin akurkin a jera duwatsu ko a binne raga, sannan a daɓe cikin. Wanda ke da hali ya ɗora akurkin a kan ƙafafu ya ɗaga daga ƙasa, domin a ƙasa bodari ya fi farauta.

Haka kuma a kwashe ƙwai kafin rana ta faɗi, in ba wanda kaza ke kwanci a kai ba. A share ragowar dusa da tsaba. Dusa ke kiran ɓera, ɓera ke kiran bodari, in ya zo bai sami ɓera ba ya tarar da ƙwai, ai kun ga ba zai koma da yunwa ba.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Dandin Mahe. Ya ce yana sayen kaji da zabi a ƙauyuka, su kwana a gidansa cikin keji kafin ya kai su Sakkwato, kuma an sha yi masa ɓarna. Wai abokansa sun ba shi shawara ya zuba fiya-fiya a cikin ƙwai ko nama ya ajiye. Yana tambaya ko ya yi hakan?

Alhaji, don Allah kada ka yi. Guba ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba. Karen maƙwabci zai ci, kyanwa za ta ci, kajinka da kansu za su tsattsaga, angulu ta ci mushen ita ma ta mutu, uwa-uba ga yara ƙanana masu rarrafe a tsakar gida. Ban da wannan ma, abincin bodari na yau da kullum ɓeraye ne da ƙwari da kunamu da ƙananan macizai. Ka kashe shi yau, ɓeran da yake rage maka su ne za su koma wa gero da dawa a rumbu, wani bodarin kuma ya zo ya gaji wurin muddin ƙofa na buɗe. Shawarata ita ce, ka daina ajiye keji a ƙasa a fili. Ka shigar da su ɗaki mai ƙyaure, ko ka yi musu dakali ko tebur mai tsawo, ka kewaye da raga. Kuɗin raga bai kai na zabi biyu ko uku da kake asara ba.

Wasiƙa ta uku daga wani manomi ce a cikin garin Boɗinga. Ya ce bodari ya tare a ƙarƙashin rumbunsa, ya fesa wa karensa ruwan nan, yanzu ba mai iya kusantar karen.

Malam, korarsa ba ta bukatar sanda. Ka barbaɗa toka a bakin ramin da yamma. Bayan dare ya yi ka haska fitila, in ka ga sawu ya fita bai koma ba, sai ka toshe ramin da duwatsu da laka. In ka ji kukan 'ya'ya a ciki ka dakata har su fara bin uwarsu, don kada su mutu su ruɓe maka a gindin rumbu. Sannan ka ɗauke tarin kara da itace da tsofaffin tubala daga bayan gida, nan ne maɓoyarsa.

In kuka yi kiciɓis da shi, yakan yi gargaɗi tukuna: ya gantsare baya, ya ɗaga wutsiya, ya juyo maka da gindi yana ƙara. To ka ja da baya a hankali, ka janye yara da kare, ka bar masa hanya. Wani lokaci yakan kwanta kamar ya mutu, kada yaro ya ɗauka. In ruwan ya shiga ido yana da zafi ƙwarai, har mutum ya kasa gani na ɗan lokaci, sai a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, in zafin ya ƙi tafiya a je asibiti. In kuwa ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti ranar nan, domin namun dawa irinsa suna iya ɗaukar ciwon haukan kare. Wanda aka gani yana tangaɗi da rana ba ya gudun mutane, a nisance shi.

Game da warin karenka, a Amurka akwai wata dabba mai kama da bodari da suke kira sikank, ita ma haka take damunsu. A 1993 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Paul Krebaum ya fitar da wani haɗi: lita 1 ta ruwan haidirojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, wanda ake samu a kemis, da rubu'in kofi na bekin soda, da ƙaramin cokali na sabulun ruwa. A haɗa a buɗaɗɗen bokiti, a cuɗa jikin karen nan take, a kiyaye idonsa da bakinsa, bayan minti 5 a ɗauraye. Kada a zuba ragowar a kwalba a rufe, tana iya fashewa. Tufafi kuwa a wanke da sabulu a shanya a rana kwana biyu ko uku, don haɗin yana kashe launin yadi.

To jama'a, a nan za mu dakata. Duk wanda ya gwada dabarar tokar nan ya ga sawun da bai gane ba, ya zana shi a takarda ya aiko mana, ko ya nuna wa malamin gona na yankinsa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kiwo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.